Motar Yaya Muniru Ta Yi Gurnani

Ana ta yaɗawa a Zango cewa aljanu sun kama haya a tsohuwar motar da ke ƙofar gidanmu. Wai kowace Juma'a da hantsi sai ta yi gurnani, alhali kowa ya san babu inji a cikinta. Mai kokon bakin masallaci ta rantse ta ga motar ta ɗaga tayar gaba ta gaishe da liman. Labarin ya tafi har unguwar Oforikrom da ƙafa, ya dawo da fukafukai.

Ku kwantar da hankalinku, jama'a. Aljani yana da aikin yi. Yaya Muniru ne.

Yaya Muniru taubashina ne, ɗan gwaggona Hajiya Azaratu, kuma Ministan Kaset na ƙasar Asante baki ɗaya. Shi ya naɗa kansa, shi ya je ya yi wa kansa murna. Rediyo mai cin kaset ashirin da bakwai gare shi, irin manyan nan da samari a da suke saɓawa a kafaɗa kamar za su kai gawa. Sun cinye gado, sun cinye kujera. Matarsa Anti Barakatu da gefe take shiga ɗakinta, tana ba su haƙuri. Batiransu kuwa a kan kwanon rufi yake shanya su kamar kilishi, wai rana na mayar musu da rai.

"Ku 'yan waya me kuka sani?" in ji shi, yana juya kaset da biro. "Kiɗan da ba shi da nauyi ba kiɗa ba ne. Mu sai kafaɗa ta yi kanta kafin a ce mutum ya ji waƙa."

Amma sarauniyar dukiyarsa ita ce motar. Hajiya Babba yake ce mata. Yana wanke ta, yana hura tayoyinta, yana yi mata sannu in ta sha rana. Injinta ya tafi gyara Magazin, unguwar makanikai, tun shekarar da aka yaye ƙanwarsa Fadilatu, har yau wai ana dubawa. Inda injin yake a da, kajin Anti Barakatu sun buɗe asibitin haihuwa.

"Wannan motar," yakan ce, yana shafa ƙeyarta, "ba ta taɓa sanin hannun mai turi ba. Makulli ɗaya, sai Tamale can arewa. Motocin yanzu gwangwanin madara ne."

To, ga asirin gurnanin. A zamanin da motar ke da inji, Minista ya ɗauki kukanta a kaset. Duk Juma'a sai ya buɗe gaban mota wai zai duba mai, ya kori kaji, ya ajiye babbar rediyonsa, ya danna. Kafin kaset ya kama, ya zauna ya murɗa makulli. Minti biyu cif yake bari, sannan ya fito ya kashe, ya ce ta ɗumama.

Sai ga auren Fadilatu ya taso. Ita ɗin nan da aka yaye. Kuma duk layinmu babu inda za a kafa rumfar biki sai inda Hajiya Babba ta yi shekara ashirin da biyar tana hutawa.

Gwaggo ta kira shi. "Muniru, Lahadi za a kafa rumfa. Ko motarka ta matsa da ƙafarta, ko 'yan kondem masu sayen tsohon ƙarfe su zo su ɗauke ta."

"Mma," ya ce, ya gyara hula, "wannan motar ita za ta kai amarya."

Ranar Lahadi ya fito da wando mai faɗin ƙafa da baƙin tabarau, yana ƙamshin kafur. Dangi sun cika layi, 'yan kondem sun tsaya da motarsu a kan kwana kamar angulu. Ya duba mai. Ya zauna. Ya murɗa. Hajiya Babba ta yi wani gurnani da ya sa tukwanen shinkafa rawa. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Yawwa," in ji Gwaggo. "Matsa mu gani."

"Tana ɗumama, Mma."

Minti biyu suka wuce. Uku. Idon uwarsa na kansa, ba halin fita. Kaset kuwa ya ci gaba zuwa inda bai taɓa barinsa ya kai ba. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu. Sai muryar wani saurayi ta fito daga gaban mota, tar, sitiriyo:

"Ku tura! Ku tura mana! Basiru, wake ka ci ko iska?"

Basiru ni ne. Ga nishina nan a kaset, kamar na bijimi a mayanka. Bayansa sai wata siririyar murya: "Muniru, kullum turi? Ni na sauka, trotro ta haya zan hau."

Anti Barakatu ta saki ludayi. "Wallahi ni ce! Kuma na hau!"

Layi ya kife da dariya. Wata kaza ta fito ta ƙarƙashin mota tana kyarkyara, kamar ita ma tana da shaida. Ni har ƙasa na zauna, ina riƙe ciki.

Gwaggo ta nuna ni da carbi. "Kai mai haƙora, tunda ka saba, tashi ka tura ta wajen 'yan kondem."

Haka aka yi. Minista ya ɗauko rediyonsa ya rungume a cinya, ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana ɗaga wa jama'a hannu. Ni ina baya da shaddata ta biki, gumi har cikin takalmi. Da numfashi ya ɗan dawo, na leƙa na ce, "Ranka ya daɗe, makulli ɗaya Tamale! Giya ta nawa muke ciki?"

Bai ko waiwayo ba. Ya gyara madubi ya kalle ni a ciki.

"Wanda ya kai shekara hamsin yana bayan mota ba ya tambayar giya. Tura, Basiru. Injina na asali ya dawo daga gyara."