Rasuwar Mai Shela, Mai Kiran Iyaye Rigakafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban iya haɗiyewa ba, ni Inna Asibi, mai karɓar kati a ɗakin shan maganin unguwarmu a Lugbe, nake sanar da rasuwar Mai Shela, ɗan umarnin nan da ke ajiye cikin rumbun bayanan kwamfutarmu.

Tsohon ma'aikacinmu Silas ne ya rubuta shi kafin ya yi ritaya ya koma gona a Masaka. Al'adarmu, kowane wata sai a buɗe sabon layi na tsaye a rumbun, a raɗa masa sunan watan da shekarar. Marigayi ba ya jiran a gaya masa. Ya duba kwanan wata, ya haɗa sunan layin da kansa, ya je ya kwaso yaran da lokacin allurarsu ya yi, ya tura wa iyayensu saƙo. In ya gama sai ya ce "tilin". Ƙorafinsa ke nan duk rayuwarsa.

Bai yi jinya ba, 'ya'yana, kashe shi aka yi. Wani ɗan kwangila, Lukmanu, ya zo daga Wuse da jaka da turare mai hawa kai, ya ce wai sunayen watanni ƙauyanci ne, ya mayar da sunayen layukan duka lambobi. Bai kira Silas ba. Ruwan da na ba shi ma bai sha ba. Da wata ya kama, marigayi ya haɗa suna yadda ya saba, ya je nema, babu layi mai wannan suna. Nan ya faɗi. Lukmanu kuwa ya ce matsalar netiwok ce, ya kashe waya.

Ya rasu ya bar ni, da nas Glory, da firij cike da allurar ƙyanda da lokacinta ke ƙurewa, da jarirai da yawa, har da jikata Nazeefa, waɗanda ba a kira iyayensu ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi. Ba rumfa, ba kujeru. Za mu bi Lugbe gida-gida da ƙafa muna sallama, yadda ake yi kafin zuwan marigayi. Oga, shugabar ɗakin shan maganin, ta sa hannu Lukmanu zai halarta. Shi zai ɗauki kular allura, kuma na ce ya zo da takalmin nan nasa mai tsini.