Rasuwar Dogo, Keken Malam Maiwada na Balan

Cikin baƙin ciki, da zuciyar da har yau ba ta koma mazauninta ba, Malam Maiwada na Balan yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekensa, Dogo, ranar Talata da hantsi, a gangaren rafin da ke kan hanyar Ajingi. Yana roƙon duk wanda ya karanta, ko aka karanta masa, ya daure ya kai ƙarshe, domin akwai ran mutum a cikin maganar.

Marigayin ya shigo gidan nan shekarar da aka sami mulkin kai. Shekara goma sha biyu yana bauta, bai taɓa neman ko dammin harawa ba. Ya ɗauki buhun gyaɗa, ya ɗauki akuya ɗaure a kariya, ya taɓa kawo ungozoma cikin ruwan sama. Ƙararrawarsa kirin-kirin take cewa, kajin Balan duk sun san muryarta.

Ciwon ajalinsa da wani kuka ya faro. Da an matsa birki sai ya ce ƙiiii, siriri, kamar jaririn da aka manta a gona. Malam ya yi kwana bakwai yana saurare. Ya ce ƙarfe ba ya kuka a banza, bushewa ce ta kama shi, irin ta kaushin ƙafa. Ya tsiyayo man gyaɗa daga kwalbar uwargida, ya shafe robar birki da bakin taya. Kuka ya ɗauke ɗif. Don murna ya shafa wa keken Da'u tela, ya kuma shafa wa na maƙwabcinsa Barau, wanda ya ɗaure garwar kananzir biyu ranar Litinin ya tafi talla wajen Gafasa.

Ranar Talata Malam ya kama gangara, sai ga motar gyaɗa ta taso daga cikin rafi tana gurnani. Ya matsa birkin dama, babu. Ya matsa na hagu, babu. Dogo yana ta sulalawa shiru, shirun da ya fi kowane kuka ban tsoro. Malam ya ga fararen idanun direba. Ya ga rubutun goshin motar, har ya soma haɗa baƙaƙen. Sai ya saki kan keke ya faɗa cikin ƙaya. Dogo ya wuce shi kaɗai, a miƙe, ba kowa a kansa, ya shige ƙarƙashin mota. Ƙararrawa ta ce kirin, sau ɗaya.

Kabo mai gyaran keke a Ajingi ya shafi robar, ya sunsuna yatsa, ya ce: "Baba, tsayawa kake so ko ƙosai za ka toya? Ai da bushewar yake kamawa!"

Marigayin ya bar famfo, da sirdi, da feda ɗaya. Ya bar mai shi da gurɗaɗɗiyar kafaɗa, ko ƙyaure ya yi ƙara sai ya zabura. An wanke na Da'u da toka da sabulu, ya tsira. Saura Barau, yau kwana huɗu ba labari. Don Allah duk wanda ya ga wani gajere mai jar dara da garwa biyu a bayan keke, kada ya tsaya gaisuwa. Ya daka masa tsawa tun daga nesa, ya ce masa ya sauka ya tura da ƙafa har gida.

Za a kai gawar maƙerar Hamma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙera kwasar noma da abin da ya yiwu. Zaman makoki a zauren Malam. Mai zuwa a keke ya gwada birkinsa tun a ƙofar gidansa. Ana kuma roƙon masu ta'aziyya su sassauta murya, domin danga ɗaya ce tsakani da gidan Barau, kuma matarsa Baiwa tun jiya take tsaye a jikin dangar da tambaya ɗaya:

"Malam, birkin duka biyun ka shafa masa, ko ka bar masa ɗaya?"