Boris a Cikin Waken Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya zo Tambuwal daga wajen Kebbe, da tsohon kekensa ɗaure a bayan motar 'yan kasuwa. Wuyan keken ne ya saki. Ka kama birki ka ji ƙwas-ƙwas, ka juya kan ya riƙe. Ya jingine shi a zaure ya ce in kai masa wurin mai gyara.

Da na yi shiru na kai, da yau ba ni da labari. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, wanga ɗan aiki ai ni nika yi da kaina." (Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa tsayawa ina kallo ana yi, shi ma rabin hankalina na kan mai tsire.)

Baba mutum ne mai tsokana, kuma haƙorin tauna guda ya rage masa, yana kiransa abokin tafiya. Ya dube ni ya ce, "To, injiniya, Allah shi taimaka."

Na ja keken zuwa tsakar gida, na aro sifana, na sayo giris da ɗan kananzir. Hajara, matata, tana zaune tana tsintar waken da za ta dafa wa mahaifinta da shinkafa. Ta ce, "Baban Nana, ka kai ma masu abin." Na ce mata ta ji da wakenta. Ta ajiye faifan kusa da ni ta tafi hura wuta.

Na kwance babban notin sama, na zare kan keken, na ja ƙafar gaba da ƙarfi. Ashe a cikin wuyan nan, sama da ƙasa, akwai 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake kira boris, kuma tsohon giris ya bushe, babu abin da ke riƙe su. Sai ji na yi tsararar! Sun watse ko'ina.

Na durƙusa ina tsinta kamar kaza. Ƙarƙashin turmi, bakin rariya, cikin takalmina. Na wanke waɗanda na samu da kananzir, na shafa sabon giris, na jera su. Na ƙasa suka cika. Na sama kuwa, ga gurbi nan yana kallona. Na waiga wajen faifan wake, babu shi. Hajara ta riga ta juye a tukunya.

Nan ne ya kamata in yi magana. Amma yaya zan ce wa matar da na kora da baki ta sauke tukunya mu yi bincike? Na ce wa raina wataƙila rariya ya bi. Na ɗaure noti, na goge hannu, na kasa zama. In shiga ɗaki in fito. In leƙa madafa in ce, "Wake ya nuna?" har ta ce, "Wai yau mi ka damunka?"

Aka kai akushi zaure. Baba da maƙwabtana biyu, dattawa, suka zauna. Kowa ya san a wurinmu mutum ba ya zama inda surukinsa ke cin abinci, balle ya sa ido a lomarsa. Sai na tsaya bayan katanga ina zufa. Na ɗaga ƙafa zan shiga, kunya ta mayar da ni. Na yi tari, ba wanda ya kula. Na yi ta addu'a, Allah Ya yafe mini, wai in ma yana ciki ya faɗa lomar maƙwabci.

Sai na ji ƙaras!

Hira ta tsaya. Wani ya ce, "Subhanallahi, tsakuwa ta?" Can na ji muryar Baba, ta sauya kamar mai magana da ruwa a baki: "Ku kira min injiniya."

Na shiga na tsuguna nesa, kaina a ƙasa. Ya miƙo hannu ya buɗe tafinsa. Abu biyu ne a ciki. Ɗaya yana ƙyalli, ya dahu tsaf da man gyaɗa. Ɗayan kuwa abokin tafiya ne.

Ya ce, "Ga na keke, ga nawa. Wanne za ka fara maidawa?"

Dattawan nan suka yi ƙoƙarin riƙe dariya, ɗaya har ya ƙware. Daga bayan labulen zaure na ji Hajara tana salati. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina, don tsabar ruɗewa, shi ne, "Baba, dama shi nika nema."

Ya yafe mini, don mutumin kirki ne, sai dai bai yi shiru ba. Har yau in na je gaisuwa Kebbe, kunu ake dama masa, kuma kafin ya kurɓa sai ya juya ludayi ya ce, "Injiniya, ba ka yi gyara kusa da wanga ba ko?"

Yanzu na iya wuyan keke sosai. Nakan shimfiɗa tsohon zani a ƙasa kafin in taɓa noti, nesa da madafa. Kuma na gane cewa kunyar da zan ji a gaban Hajara ta ɗan lokaci ce, na ƙi ta, na zaɓi wadda ake dama mini da kunu duk shekara.