'Ya'yan Itacen da Na Ɗinka da Zare

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da dangin mijin 'yata suka zo gaisuwa gidana a unguwar Zongo ta Wagadugu. Ko na so in manta, matata ba za ta bari ba.

Ni malamin kimiyya ne, shekara ashirin da ɗoriya ina koya wa yara yadda tsiro yake fure ya yi 'ya'ya (wannan ne ya sa abin ya fi ciwo). A unguwa Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan. Wata shekara wani abokin aikina ya dawo daga kwas a Faransa, ya kawo mini tsarabar 'yan tsirrai uku na mirtil, wasu 'ya'yan itace shuɗaye masu girman magarya da Turawa suke ji da su. Mutanen Wagadugu sun saba da firez, wasu jajayen 'ya'ya masu zaƙi da ake nomawa a bakin baraji, wato madatsar ruwa, amma mirtil ban san mai ita ba. Nan take na hango kaina a matsayin mutum na farko.

Na dasa su a tsakar gida, na shiga yi musu gata. Tokar murhu duk a gindinsu take ƙarewa. Kashin kaji kuwa har unguwar Cissin nake zuwa a kan babur in ɗauko. Safe da yamma ina ba su ruwan famfo, duk wata kuma in sa almakashi in yi musu aski don su yi kyan gani. Shekara uku ana haka, ganye kawai, shi ma fatsi-fatsi kamar mai shawara, ko fure ɗaya babu. Bakina ne kaɗai ya yi albarka. A ɗakin malamai da majalisar bayan la'asar, ba wanda bai ji labarin mirtil ɗina ba, kuma tun ina cewa "ta kusa" har na koma cewa "ta fara".

Balkisa, babbar 'yata, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta cika zama a gida ba, sai ta gaskata ni. Ta faɗa wa Mustafa, wanda za ta aura, shi kuma ya kai gidansu. Da aka sa ranar gaisuwa, sai saƙo ya zo cewa baffansa, Alhaji Sani, yana ɗokin ganin itatuwan nan. Ban tambayi dalili ba. Da na tambaya da na tsira.

Ana gobe za su zo, na tafi wani babban kanti a tsakiyar gari na sayo mirtil a 'yar roba. Niyyata in zuba a faranti kawai. Amma da safe, matata tana kasuwa, sai na tuna ai mutumin cewa ya yi zai ga itacen. Na buɗe gwangwanin ɗinkinta, na ɗauki allura da baƙin zare, na tsuguna na ɗinke guda goma sha biyu a rassa. Har ja da baya na yi ina yaba aikina.

Da ta dawo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mushe, jiya fa ko fure babu." Na ce mata harkar kimiyya ce, ba za ta gane ba. Ta wuce ta dama wa baƙi zomkom, abin shan gero da muke tarbar baƙi da shi.

Baƙi suka zo, aka sha zomkom, aka raba goro, liman ya yi addu'a, komai ya tafi daidai. Sai mahaifin Mustafa ya nuna wani dattijo siriri mai farin gemu, ya ce wannan shi ne yayansa Alhaji Sani, mutumin Tawa ne, kafin ya zama direba ya yi shekara shida a Maroko yana aiki a gonar mirtil, tun daga dashe har tsinka. Sai a lokacin na gane dalilin ɗokinsa.

Duk muka ɗunguma zuwa gindin bango inda itatuwan suke, har mata suna leƙowa. Alhaji ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya dubi ganye. Sannan ya miƙa hannu ya kama ɗa ɗaya ya ja. Ɗan ya taho, zare ya biyo shi. (Ni da nake ganin na iya ɗinki, ashe ban yanke bakin zaren ba.) Ya ƙara ja a hankali, zaren ya ƙara tahowa, har reshen ya sunkuyo yana bin hannunsa. Liman ya shiga tari. Na ɗaga ido na ga Balkisa a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi, wannan ne ya fi komai ƙona mini rai.

Alhaji ya nannaɗe zaren a yatsa, ya jefa mirtil ɗin a baki ya tauna, ya ce, "Masha Allah, ta nuna." Sai ya ce wa sauran su koma inuwa, rana ta yi zafi, yana da maganar noma da Mushe.

Da muka rage mu biyu na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Malam, mutumin da ya shekara uku yana shayar da itacen da bai ba shi komai ba, zai iya riƙe zumunci. Amma kai kake kashe su." Ya nuna tokar da ke gindinsu, ya ce mirtil ƙasa mai tsami take so, toka kuwa kashe tsamin ƙasa take yi, shi ya sa ganyen ya koɗe. Ruwan famfon ma bai yarda da shi ba, gara in tari na sama. Kashin kaji ya yi mata ƙarfi, ƙona saiwa yake yi. Askin da nake yi kuwa, a kan rassan nan da nake datsewa fure yake fitowa, wato duk wata da hannuna nake zubar da amfanin. Ya ƙara da cewa ukun duk iri ɗaya ne, ita kuwa ta fi haihuwa in akwai wani iri kusa, ƙudan zuma suna kai-komo a tsakaninsu. Kuma irin nawa na ƙasar sanyi ne, sai ya sha sanyi mai tsawo yake fure, ɗan sanyinmu na Disamba ba ya isarsa. Rabin abin da ya faɗa yana cikin littafin da nake koyarwa da shi.

Bayan sun tafi na ba Balkisa haƙuri. Ta yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, a na uku ta kawo mini shayi, ta ce, "Baba, da shuɗin zare ma ka sa." Muka yi dariya har matata ta fito.

An ɗaura aure lafiya. Bayan biki Alhaji ya sa wani direba abokinsa ya taho mini da tsirrai biyu na irin da ke jure zafi. Muka dasa su a manyan tukwane, da ƙasar da muka haɗa da ruɓaɓɓen ganye da 'yar farar wuta, muka ajiye su inda rana take samunsu da safe kawai. Na ajiye almakashi, na kafa duro a ƙarƙashin indararo. Tsofaffin ukun har yau ganye suke yi. Sababbin kuwa a shekara ta biyu suka ba ni 'ya'ya tara. Tsuntsaye suka cinye shida, na kai wa Alhaji uku a cikin murfin kwalba har gidansa a unguwar Dapoya. Ya ci ɗaya, ya yamutsa fuska don tsami, ya ce, "Wannan kam taka ce, Malam."

Yanzu in an tambaye ni a majalisa yaya mirtil, sai in ce tana nan tana ganye. Kuma duk wanda aka ce yana son ganin wani abu nawa, kafin ya zo sai na bincika aikin da ya yi a ƙuruciyarsa.