Kwana Ukun da Wayar Baba Ta Yi Shiru

Wataƙila wasu abubuwan sun shige mini, amma ina jin lokacin ɗibar tumatir ne a Watari. Masu talla sun dami Baba da kira, har a masallaci.

"Kai da ka yi digiri, raba ni da mutanen nan," in ji shi.

Na saita wayar ta toshe duk lambar da ba a ajiye ba. Sau biyu na duba, ƙannensa suna jinjina kai. Ban san Baba bai taɓa ajiye lambar kowa ba, da ƙarshen lamba yake gane mutum.

Kwana uku yana sa mini albarka. Ashe direban da zai kwashi tumatirinsa ya kira har ya gaji, ya loda na maƙwabta. Namu ya ruɓe a kwanduna.

Bai yi faɗa ba. Amma har yau in wayar ta yi shiru, sai ya ce, "Injiniya, ka taɓa ta ne?"

Kawu Sale, ƙanin Baba, ya dage kwana huɗu ne wayar ta yi shiru, ba uku ba. Wanda ya shaida, don Allah ya aiko da gyara.