Yadda Na Zama Jama'ar Malam Buba

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun kwanta mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara yin zaɓe a rayuwata ba. A lokacin babu akwati, babu labule, babu dangwala yatsa a ɓoye. Hoton ɗan takara ake kafawa a fili, ka je ka tsaya a bayansa, a ƙirga ka kamar yadda ake ƙirga awaki a bakin kasuwa, surukinka yana kallo, mai unguwa yana kallo.

Ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba. Aka fito da wani tsari cewa duk mai son shugabancin ƙasa sai ya fara neman tikitin jam'iyya daga mazaɓarsa, in ya ci ya wuce ƙaramar hukuma, daga nan jiha. Kafin ka ce me, a mazaɓarmu ta Sara kaɗai mutum uku sun fito suna son mulkin Najeriya.

Na farko Alhaji Sambo, mai motocin da ke jigila tsakanin Gwaram da Kano. Shi bai wahalar da kansa da alkawura ba. Duk inda ya tsaya, abin da yake faɗa bai wuce cewa a nan aka binne cibiyarsa, a nan aka yi masa kaciya, kuma babu gidan da bai san sunan kakan mai shi ba. Na biyu wani ne da kowa ke kira Injiniya. Mahaifinsa ɗan Sara ne, amma mahaifiyarsa 'yar Birnin Kudu ce, kuma a Kano ya tashi, saboda haka mutanen Alhaji suka sa masa suna Baƙo. Wai ko hanyar maƙabartar garin bai sani ba. Shi kuwa ya zo da injin casa a bayan akori-kura, ya kafa shi a gefen kasuwa, ana zuba masa gero yana fitar da tsaba ta nan, ƙaiƙayi ta can. Ya ce in ya hau mulki kowace mazaɓa sai ta samu irinsa. Na uku Malam Buba, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya. (Har yau ban san abin da ya yi wa ƙasa alkawari ba. Na dai ji an ce yana yawan maganar rigakafin shanu.)

Ni kuma ina ajin ƙarshe a sakandare a Birnin Kudu, na zo gida hutu. Irin yaran nan ne ni da in malami ya yi tambaya sun san amsa, amma su gwammace a doke su da su ɗaga hannu. Gwaggona Hansai ce ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, kuma ita ce shugabar matan da ke sussuka a unguwarmu. Gida-gida ake kiran su, su sussuke, su sheƙe, a sallame su da hatsi. Da wannan taɓaryar ta ciyar da ni. Saboda haka ranar da ta ga injin nan ta dawo gida ranta a ɓace, ta ce abin da ita da mata shida za su wuni suna yi, wannan ƙarfen ya lashe shi kafin ta gama gyara ɗaurin zaninta. Ta ce Baƙo bai zo neman ƙuri'a ba, ya zo ne ya ƙwace musu tuwo. Ita da kanta ta je ta yankar mini katin jam'iyya, ta miƙo mini, ta ce, "Ga shi, ka isa mutum yanzu. Ranar nan ina so in waiwaya in gan ka a inda ya dace."

Na ce to. (Ni dama "to" ce amsata ga kowace magana a duniya.)

Matsalar ita ce, ni zuciyata tana wajen injin. Kullum da hantsi sai in ce zan je karatu gindin bishiya, in zagaya ta bayan kasuwa, in tsaya nesa ina kallon yadda bel ɗin injin ke juyawa. Na karanta a littafin noma cewa ƙasashen da suka ci gaba da haka suka fara. Na kuma san yadda tafin hannun Gwaggo ya yi kanta, da yadda take kwana tana nishi saboda ciwon kafaɗa. A raina na tsara jawabi mai kyau, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, na nuna cewa ba inda aka binne cibiyar mutum ake dubawa ba, abin da zai yi ake dubawa. Jawabin nan sau da yawa na yi wa akuyar gidanmu shi. Gwaggo kam ko kalma ɗaya ba ta ji ba.

To yaya zan yi? In na tsaya bayan Injiniya, Gwaggo za ta ji kunya a gaban matan da take shugabanta, a ce ɗan da ta raina da taɓarya ya bi mai kashe taɓarya. In na tsaya bayan Alhaji, na ci amanar littafin noma. Sai na yi abin da na fi iyawa, na zauna na yi tsari.

Ana gobe zaɓe na je filin firamare na duba shi kamar mai shirin sayensa. Na tambayi maigadi inda za a kafa hotuna da inda mata za su yi nasu layin. Na lura cewa daga wajen mata ba a hango ƙarshen layin maza sosai, saboda ginin aji ya tare. Shirina shi ne in makara da gangan, in shigo ta bayan makaranta, in lallaɓa ƙarshen layin Injiniya, in sami wani dogo in ɓuya a bayansa, a ƙirga ni, in sulale. Har hular da ta fi rufe goshi na zaɓa. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa tun kafin a raba takarda.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne layin Injiniya ba zai kai ko kusa da ginin ajin ba. Da na leƙo ta bayan makaranta, sai na ga layin Alhaji ya miƙe har ya lanƙwasa ya fita ta ƙofa. Na Injiniya kuwa 'yan tsiraru ne, yawancinsu malaman makaranta da direban akori-kurarsa, kuma babu dogo ko ɗaya a cikinsu. Duk wanda ya tsaya a nan, daga kan titi ma za a gane shi. Ga Gwaggo can a gaban layin mata, ta sha mayafinta na zuwa biki, tana ta waige-waige.

Sai na hango wata darbejiya a gefen fili, babu kowa a gindinta. Na ce bari in tsaya a bayanta in sake nazari, wataƙila wasu dogaye su zo. Na lallaɓa na rakuɓe a jikinta, na sunkuyar da kai, na shiga auna hujjoji: in na je can kaza, in na je nan kaza. Ban san an fara ƙirga ba. Kuma da yake ta baya na zo, ban ga abin da aka buga da ƙusa a gaban bishiyar da safiyar nan ba.

Mai ƙirgar tsohon malaminmu ne na firamare, mutum mai bin doka sawu da ƙafa. Na ji takun takalmi, na ɗago, sai ga shi a gabana, wakilan 'yan takara suna biye. Ya dube ni, ya dubi bishiyar, ya sake dubana. Ya ce, "Ɗan Hansai, nan ka tsaya?"

Ku tuna amsar da na ce ina bai wa kowace magana. Na ce, "To... e, Malam."

Ya ɗora hannu a kafaɗata, ya ce, "Ɗaya." Ya leƙa bayana ko akwai wani, babu. Ya wuce.

Sai a lokacin na zagayo na ga hoton Malam Buba yana murmushi a jikin darbejiya.

Da abin ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma aka ɗauko lasifika aka karanta sakamako. Aka faɗi na Alhaji, fili ya ɗauki tafi. Aka faɗi na Injiniya, aka yi 'yar dariya. Sannan aka ce Malam Buba yana da ƙuri'a ɗaya. Ashe kowa ya san abin da ni kaɗai ban sani ba saboda makarar da na tsara da kaina: da sassafe Malam Buba ya janye, ya bi Alhaji, an dai manta ba a cire hoton ba. Shi kansa yana tsakiyar layin Alhaji. Wato na zaɓi mutumin da bai zaɓi kansa ba.

Kawuna suka juyo gaba ɗaya, maza da mata. Sai ga dattijon nan ya ratso layi, babbar rigarsa tana jan ƙasa, idonsa ya kawo ruwa. Ya rungume ni a gaban duk Sara, ya ɗaga hannuna sama, ya ce, "Ku gani, ashe ina da jama'a. Da na sani ai da ban janye ba." Wani daga layin Alhaji ya ce a bar jama'ar ta sha iska, kada a matse ta ta ƙare. Ban san ta inda na bi na isa gida ba.

Gwaggo ta zubo mini tuwo. Ta zauna tana kallona ina jujjuya loma, sannan ta ce ita fa ta daɗe da sanin inda nake zuwa karatu, tunda kullum ita ke kakkaɓe ƙaiƙayi daga hulata, kuma ba ta taɓa jin bishiyar da ke zubar da ƙaiƙayi ba. Ta ce tun da safe ta shirya abin da za ta gaya wa mata in sun gan ni a layin Baƙo: yaro ne, boko ya yi masa yawa, zai dawo hanya.

"Da can ka tsaya, da na yi fushin kwana biyu, amma in ce na raini mai ra'ayi," in ji ta. "Yanzu fa? Me zan ce musu? Shanu gare mu?"

Nan ne na yi mata jawabin nan nawa, ba gabatarwa, ba kammalawa, ina in'ina. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce maganar kafaɗa gaskiya ce, amma in je in tambayi Injiniya ko injinsa zai riƙa aiko mata da kwanon gero duk yamma. Wannan tambayar kam, littafin noma ma ba shi da amsarta.

Alhaji ya faɗi a ƙaramar hukuma, Injiniya ya koma Kano. Injin casa kuwa bayan wasu shekaru ya shigo garin ba tare da ya nemi ƙuri'ar kowa ba, kuma Alhaji Sambo ne ma ya fara sayo shi. Gwaggo ta jingine taɓarya ta koma sayar da ƙuli-ƙuli, tana mita har ƙarshen rayuwarta. Malam Buba bai taɓa wuce ƙofar gidanmu ba tare da ya yi sallama ya tambayi lafiyar jama'arsa ba, kuma sunan ya bi ni. Yau ina da furfura, amma in na sauka a tashar Gwaram sai na ji wani ya ce, "Jama'a, an iso?"

Abin da na koya shi ne, a filin da ake ƙirga mutane babu wurin rakuɓewa. In ka ƙi faɗin inda kake, za a ƙirga ka a inda aka same ka. Shi ya sa har gobe, ko inuwa zan shiga, sai na zagaya bishiyar na ga hoton wa ke jiki.