Tasbahar Kawu da Dokina Akawal

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na gayyato Kawu ya zo ya ga gwanintata, na ƙare a zaune a yashi, hulata can gefe.

Kawu dillalin shanu ne a kara, kuma shi ya sayo dokin, wani baƙi da muke kira Akawal. Ya sha bulala a hannun mai shi na farko, shi ya sa ko hannu ka ɗaga za ka sosa kanka sai ya zabura. Ragama ma sai an taru ake saka masa. Kawu ya gaji, ya ce zai mayar da shi kasuwa. Ni kuwa raina ya riga ya kama dokin nan, na roƙa a bar min shi na ɗan lokaci. Kawu ya ce to, amma in ya zo ya tarar ba sauyi, sai kasuwa.

A waya na ga dabarar (ni da ilimin waya, Allah ya shirya). Ba duka, ba tsawa. Akwai ɗan abin da ake latsawa ya yi ƙara, ƙas. Doki ya yi abin da kake so, ka latsa, ka ba shi ɗan karas. A hankali sai ya gane ƙas na nufin ya yi daidai, ya tsaya ya karɓi ladansa. Na zaga shagunan Sakkwato daga Ƙofar Atiku har kasuwa ban samu abin ba, sai na sayi tasbahar ƙarfe, irin wadda ake latsawa da babban yatsa. Ƙararta ɗaya ce sak. Har yaba wa kaina na yi.

Kuma wallahi ta yi aiki. Kullum da safe ina filin da muka kewaye da shinge a bayan gari, ni da shi da jakar karas. Ya yarda da ragama, ya yarda da sirdi, har na fara hawa muna zagaye. Sai girman kai ya shige ni, na ce Kawu ya taho da abokansa.

Suka iso bayan La'asar, suka zauna a benci bakin shinge. Na hau, na gyara zama, muka fara ɗan sassarfa, ina satar kallonsu. Muna tsakiyar fili sai ga ƙas. Akawal ya ja birki nan take, na zame har wuyansa. Na duba, tawa tasbahar tana aljihu. Ashe Kawu ne ya ciro tasa ya kama lazimi (abin da na san yana yi kullum tun ina yaro, amma ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba).

Ƙas, ƙas, ƙas. Akawal ya miƙe kunnuwa, ya juya ya nufi benci cikin natsuwa. Na ja linzami, ina! Kawu ya ga doki na tunkaro shi, ya shiga salati yana ƙara saurin latsawa. Dokin ya ziro kai ta saman shinge, ya sunkuya, ni kuma na sulalo ta wuyansa na zauna daɓas.

"Kai, ɗana, mi wanga doki ka biɗa ga aljihuna?"

Dabino ne a ciki, kuma ya same shi. Abokan Kawu suka yi dariya har ɗaya yana share hawaye da hannun riga. Kunya ta rufe ni, ga baƙin ciki, don na riga na ga Akawal a kasuwa. Na fara kame-kamen bayani, Kawu ya ɗaga min hannu. Ya shiga shafa goshin Akawal, dokin kuma ko gezau, yana ta taunarsa.

"Da can ko kusa da kainai ba a zuwa," in ji shi. "Bar shi nan. Amma kai ka koyi zama bisa sirdi."

Abin da na koya ke nan: doki ya riƙe karatunsa tsaf, malamin ne da saura. Kuma in za ka ƙulla sirri da dabba, kada ka ƙulla shi da abin da rabin dattawan Sakkwato ke riƙe da shi a yatsa.